Tawul ɗin Kujerar Baya

"Mama, ni ƙazama ce?"

Sai da soson ya kusa suɓuce mini. Ina tsugune ne a makewayin gidanmu na Angwan Iya, ina cuɗa wa Lea baya, kumfa har gwiwar hannuna. Yarinya 'yar shekara biyar, ita ce ta juyo ta kafa mini ido tana jiran amsa.

"Wa ya faɗa miki haka? Gaya mini sunansa yanzun nan."

"Ba wanda ya faɗa. Ankul Jonatan ne, kullum sai ya shimfiɗa tawul kafin in zauna a motarsa. Ke kuma ba ya shimfiɗa miki."

 Sai na kwara mata ruwa a kai don ta rufe ido, kada ta ga fuskata. Na ce, "Ke ba ƙazama ba ce. Duk layin nan babu yarinyar da ta kai ki ƙamshi." Ta yi dariya, ta manta. Ni ce ban manta ba.

'Yan'uwa, ga wanda yau ne ya fara cin karo da labarina: sunana Martina, tela ce ni, ɗan shagona yana bakin layinmu. Baban Lea, Ruben, ya rasu tana rarrafe. Daga ranar ni da ita ne, katifa ɗaya, kwano ɗaya. Na riga na rufe zancen aure a raina, sai ga Jonatan.

Kun san me ya fara kawo shi shagona? Tsumma. Ya leƙo da yamma, dogo, baƙi, ya yi sallama kamar wanda ya zo neman alfarma wurin gwamna, ya ce ko ina da ragowar ƙyallen auduga mai laushi, wanda ba ya zubar da zare. Na tattara masa. Bayan kwana biyu ya dawo neman wani. Haka ya yi ta dawowa har maƙwabciyata Huraira, wadda ke sayar da kayan miya a jikin shagona, ta kasa haƙuri ta ce masa, "Malam, tsumman da ka kwasa a nan ya isa a ɗinka zanin gado. In wani abu kake nema ka fito fili, muna da aiki."

Ya daɗe yana tuƙa wani babban mutum a Abuja, yana kwana a Keffi kamar dubban mutanen da tsadar hayar gida a can ta koro mana. Da ya tara abin da ya tara sai ya sayi tasa motar, baƙa 'yar Kwatano mai kujerun fata ruwan zuma, yana kai ma'aikata Abuja da safe ya dawo da su da yamma. Matasan cocinmu "Hajiya" suke kiran motar. In ya shigo sai ka ji suna, "Jonatan, yaya jikin Hajiya? Ta karya kuwa?" Shi dai murmushi yake yi.

Ba su yi ƙarya ba. Duk Asabar sai ya nemi inuwa ya buɗe ƙofofin huɗu. Da ɗan burushi mai laushi yake bin layin ɗinki yana fitar da yashi, wai yashin ne ke cin fata a hankali duk lokacin da mutum ya zauna ya motsa. Sannan ya tsoma tsumma a ruwan ɗumi mai ɗan sabulun wankan jarirai, ya matse har sai ya daina ɗiga, ya goge ɗan wuri, ya bi da busasshen tsumma nan take. Ba ya kwara ruwa, ba ya dirza. In ta sha iska sai ya ɗiga man shafa wa fata a wani tsumman dabam, ya bi ta a zagaye a zagaye, kamar mai shafa wa jariri mai bayan wanka. Na taɓa ganin ya roƙi wani fasinja ya cire makulli daga aljihun baya kafin ya zauna.

Da ina kallon wannan ina jin daɗi. Ina ce wa raina, mutumin da ke lallaɓa fatar mota haka, ai ba zai wulaƙanta ta mutum ba. Amma daga safiyar da Lea ta yi mini tambayar nan sai idona ya sauya. Na tuna duk Lahadi in mun taso daga sujada, yakan riga mu isa motar da sauri, ya buɗe baya, ya zaro tawul ɗin nan mai ruwan ɗorawa da hoton agwagi, ya shimfiɗa, ya gyara gefe da gefe, sannan ya ce, "Gimbiya, bismillah." Ni kuwa gaba nake shiga, babu tawul babu komai. Wato ni na isa in taɓa fatar Hajiya, 'yata ba ta isa ba.

A makon ne kuma aka sa ranar da shi da kawunsa za su je Agwada gaishe da iyayena. Ranar Laraba ina cikin yankan ankon da za mu sa ni da Lea, atamfa shuɗiya mai ganyen zinariya, sai ga saƙon murya daga wayar ƙanena. Muryar Mama ce, ana jin kukan zakara a bayanta.

"Martina, ki ji ni da kyau. Ranar Asabar ki haɗo kayan Lea duka, har da na makaranta. Za ta zauna wurina. Namiji yana iya son ki har ransa, amma ɗan wani a sabon ɗaki nauyi ne, ko bai faɗa ba. In kin zauna daram, shekara ɗaya ko biyu, sai mu gani. Haka aka yi wa Christy 'yar kawunki, ga ta nan lafiya lau a gidanta. Kada ki yi mini taurin kai, ba don kaina nake faɗa ba."

Na ajiye almakashi. Huraira ta ji komai, don katako ne kawai tsakaninmu. Ta zagayo da tiren tattasai a hannu ta zauna a bencina.

"Maman Lea, kuka za ki yi a kan atamfar mutane?"

"Tawa ce."

"To yi abinki. Shi ya ce miki ba ya son yarinyar?"

"Bai ce ba. Amma tawul ɗin nan fa, Maman Abubakar?" Na kwashe duka na faɗa mata.

Ta taɓe baki. "Ni in an ba ni mota mai irin kujerar nan, Abubakar a but ɗin motar zan riƙa sa shi. Yaron da ke goge majina da labule? Ke dai ki tambaye shi. Baki gare ki, waya gare ki."

"In na tambaya ya ce e, haka ne fa?"

"Sai ki san inda kika tsaya."

Abin da nake tsoro ke nan. Ina son Jonatan, ba zan ɓoye muku ba. Ina son yadda yake rage murya in zai faɗi sunana, da yadda yake tsayawa a bakin shago ba ya shigowa sai na ce ya shigo. Amma in zaɓi ne tsakaninsa da yarinyar da ba ta iya barci sai ta riƙe gefen zanina, babu zaɓi a ciki. Na yanke a raina ba zan haɗa kayan Lea ba. In ya nuna ko da ido ne cewa ya yarda da shawarar Mama, a Agwada zancenmu zai ƙare, in hau motar haya da 'yata mu dawo.

Ranar Juma'a da yamma saƙonsa ya shigo.

"Maman Lea, an gama ɗinkin? Kawu ya iso, yana ta tambayar wace ce wannan da ta sa na koyi guga."

"An gama," na rubuta.

"Shi ke nan? An gama kawai? Lafiya kike?"

Na rubuta, "Me ya sa kake shimfiɗa wa," na tsaya, na goge. Na sake rubutawa, na sake gogewa. Daga ƙarshe na tura masa, "Gajiya ce."

"Ki huta. Ki sa wa Gimbiya hula gobe, ranar bana ba ta wasa."

Asabar da sassafe suka iso. Jonatan cikin farar shadda sabuwa, sai ƙamshi yake, kawunsa a gaba da hula da sanda. Ni na ɗaura zani har ƙasa da riga mai dogon hannu, Lea kuma na ɗinka mata 'yar rigar da ake kira fulawa, iya cinya, mai tattara a ƙugu, da farar safa da takalmin coci. Ta yi kyau har Huraira ta rangaɗa guɗa daga bakin shago.

Ya buɗe mana baya. Na zuba ido in ga tawul. Yana can a ninke a bayan kujera, jikin gilashi, bai ko kalle shi ba. "Gimbiya, bismillah," ya ce, Lea ta haye kan fatar kai tsaye tana kallona da mamaki. Maimakon in ji sanyi sai raina ya ƙara ɓaci. Wato yau da kawunsa yake cikin motar, 'yata ta zama mai tsabta. Ashe ya san abin kunya ne.

Duk hanya Kawu yana ba da labarin lokacin da gonaki ne daga Keffi har bakin Abuja, babu waɗannan gidajen da suka tsiro kamar ciyawa. Ni "e" da "haka ne" kawai nake cewa. Jonatan yana ta satar kallona a madubi.

Mun isa Agwada rana ta fara ɗagawa. Inuwar mangwaron ƙofar gidanmu an riga an jera wa dattawa benci a ƙarƙashinta, don haka dole ya ajiye motar a fili, a tsakiyar rana, ya kafa takardar kare rana a gilashin gaba, ya kulle. Na lura ya waiwaye ta sau biyu.

Mama ta tarye ni a ƙofar ɗakinta, ta rungume Lea, sannan ta duba hannuna.

"Ina kayan?"

"Ban kawo ba, Mama."

 Ta ja labule ta nuna mini lungun da ta share: 'yar katifa sabuwa da gidan sauro, da silifa ja 'yan ƙanana an jera su a gefe. Na san sai da ta sayar da wani abu kafin ta saye su. Na kau da kai. Lea kuma ta ga komai, ta ƙara ƙanƙame zanina.

Aka yi gaisuwa, aka yi addu'a, aka ci tuwo da miyar karkashi da naman kaza. Maza suna waje suna tasu maganar, mu muna ciki. Sai bayan azahar, lokacin da ko kaji sun nemi ƙarƙashin rumbu, aka fara shirin sallama. Ƙannena suka cika but da doya har ba ya son rufuwa. Mama ta miƙo mini gorar manja, an toshe bakinta da leda an ɗaure da zare, ta ce ta surukarta ce, mahaifiyar Jonatan, in riƙe a hannu.

Lea ta fara ja na. "Mama, mu shiga mota. Mu shiga yanzu." Tana tsoron kada a tafi a bar ta. Na je bakin inuwar mangwaro na ɗan durƙusa na ce wa Jonatan ya ba ni makulli. Ya miƙo, yana tsakiyar amsa wa Baba wata tambaya, ya ce da ƙarfi yadda kowa ya ji, har da Mama da ke bayana:

"Ki shimfiɗa mata tawul kafin ta zauna, yana nan a baya."

Mama ta dube ni. Na karanta abin da ke idonta: kin gani ko?

Ban san lokacin da na isa motar ba. Na fizge ƙofar, wani hucin zafi ya daki fuskata, ban kula ba. Na dangwarar da gorar manja a kan kujera. Na ga tawul ɗin a ninke, agwaginsa suna kallona. Na ce a raina, yau 'yata za ta zauna a kan fatar nan kamar kowane ɗan mutum, in ya so ta narke. Na cira Lea ta hammata na zaunar da ita da ƙarfi.

Ihun da ta yi har yau yana cikin kunnena.

Ta zabura tana harba ƙafa, ta doki gorar, ledar ta fice, manjan da zafi ya narkar ya malale a kujerar kamar ruwa. Ni na daskare, ban gane me ya faru ba, na ɗauka kunama ce. Kafin in miƙa hannu wani ya ture ni gefe. Jonatan ne. Ya durƙusa da gwiwa a cikin manjan, ya sure ta, ya juya ta ya ɗaga 'yar fulawar. Bayan cinyoyinta biyu sun yi jajur, a gefe ɗaya kuma ga shatin ƙarfen bel ɗin kujera, ya fara tashi.

"Ruwa! A kawo ruwan randa!"

Mama ta rugo tana cewa a fasa ɗanyen ƙwai, wata gwaggona tana cewa a shafa manjan ma ai magani ne. Ya ce, "Mama, ku yi haƙuri, ruwa kawai. Mai sanyi, da yawa." Ya zauna a kan tushen mangwaro a gaban dattawa, ya kifa ta a cinyarsa, yana zuba mata ruwa da moɗa a hankali, ƙanena yana ciko bokiti. Farar shaddar nan ta zama ja daga ƙirji har gwiwa, ruwa na bi ta kai. Ko sau ɗaya bai waiwayi motar ba. Ƙofarta a buɗe, manja na ɗiga ƙasa.

Sai da kukanta ya koma shessheƙa sannan ya ɗago ya dube ni. Bai taɓa ɗaga mini murya ba, ranar ma bai ɗaga ba.

"Martina, ina tawul ɗin?"

Ni kuma, da sauran zafin kaina, na ce a gaban kowa, "'Yata ba ƙazama ba ce da za a riƙa yi mata shimfiɗa."

 Ya daɗe yana kallona kamar na yi magana da wani yare. Sai ya miƙa wa ƙanena moɗar ya ce ya ci gaba da zubawa, ya ɗora Lea a cinyar Mama, ya kama hannuna ya kai ni motar. Ya juya bayan hannuna ya ɗora a inda manja bai kai ba.

Na fizge da sauri. Kamar murfin tukunya a kan wuta.

"Gilashin gaba ina rufe shi," ya ce a hankali. "Ke kuma zaninki har ƙasa yake. Baya rana ke duka ta ko'ina, ita kuma rigunan da kike ɗinka mata duk iya cinya ne. Ranar farko da na ga za ta shiga bayan an taso coci, na taɓa kujerar na ji, na tsaya a hanya na sayi tawul ɗin. Na zaɓi mai agwagi don na ji tana waƙarsu. Da safe ai ba na shimfiɗawa, Martina. Yau da safe na shimfiɗa?"

Na girgiza kai. Na tuna ranar da ya kai mu asibiti da yamma ana yayyafi, babu tawul. Na tuna ashe kusan duk shigarta motar nan da tsakar rana ce. Duk suna nan a gabana tun tuni, ban haɗa su ba.

"Tun yaushe kike ɗauke da wannan a ranki?"

"Tun Litinin. Ita ta tambaye ni."

Ya rufe ido. "Ita ta tambaya?"

Ya koma gindin mangwaro ya tsuguna a gaban Mama, daidai fuskar Lea. Ita ta riga shi magana, murya a dishe, tana kallon rigarsa.

"Ankul, na ɓata maka Hajiya. Za ka bar ni a nan?"

Wallahi har Kawu sai da ya sunkuyar da kai.

"Gimbiya, ji nan. Hajiya fatar saniya ce, saniyar ma ta daɗe da mutuwa, ba ta jin komai. Taki fatar ita ke jin zafi, ita nake yi wa shimfiɗa. Ba don kina da datti ba, kin ji? Laifina ne da ban gaya miki ba." Sannan ya ɗago ya dubi Mama, ya sauke gwiwa biyu ƙasa. "Mama, wa ya ce za a bar ta?"

Mama ta gyara ɗaurin ɗankwali. "Ni na ce. Don ku samu sarari, ɗana. Ga shi tun ba a je ko'ina ba ta yi maka ɓarna."

"Mama, ba ni da bakin yi miki gardama a gidanki. Amma tun ranar da na fara zuwa shagon Martina, yarinyar nan na fara gani a ƙarƙashin keken ɗinki tana tattara mini tsumma. Ban taɓa ganin uwar ba tare da ita ba, ban kuma san yadda zan so ta haka ba. In kin riƙe Lea, wadda za ki ba ni rabi ce. Ina roƙo ki bar mana ita. Duk hutu ni zan kawo miki ita da kaina."

Mama ta daɗe tana kallon jar shaddarsa. Ta kalli motar da har yanzu bai je ya duba ba. Ta share ido da gefen zani ta ce, "Ka tashi, kana ɓata sauran wandon." Ta shiga ɗaki ta fito da jan silifan nan ta sa wa Lea a hannu. "Ku tafi da su. Katifar tana nan tana jiran hutu."

Sai a lokacin ya nufi motar, matan gidanmu suka bi shi kowace da maganinta. Wannan ta kawo sabulun wanki da soson ƙarfe, waccan toka, gwaggona kuma kwalbar kananzir, wai babu man da ba ya cirewa. Ya yi ta godiya yana mayar musu, ya ce waɗannan za su cire man su tafi da launin, su bar fatar ta bushe ta tsage. Ya zaro tsummokaran shagona daga aljihun ƙofa, yana dannawa a kan manjan yana ɗagawa, ba ya gogawa, don kada ya tura shi ciki. Da ya tsane sai ya tambayi Mama ko akwai garin alabo.

"Tuwo za ka tuƙa mata?" in ji gwaggo.

"Ta sha miya, ai sai tuwo," ya ce, aka kwashe da dariya. Ya barbaɗa garin da kauri a wurin, ya ce a bar shi ya kwana zai zuƙe man. Muka buɗe ƙofofi motar ta sha iska, ya shimfiɗa tawul a ɗaya gefen, na zauna, Lea ta kwanta rub da ciki a cinyata. A hanya muka tsaya a kemis aka duba ta aka ba mu maganin shafawa. Kafin mu shiga Keffi ta yi barci, silifanta a ƙirji.

Washegari bayan sujada ya shigo da motar inuwar dalbejiyar layinmu. Ya ba Lea burushin ta share garin, wanda ya koma launin ruwan lemo. Ya sake barbaɗa sabo, muka jira muna shan kunun ayar Huraira, ta zauna tana yi mini tsiya: "Na ce ki tambaya da baki, kika je kika tambaya da cinyar yarinya."  Daga baya ya ba ni tsumman ruwan ɗumi, shi yana bi na da busasshe, Lea tana ɗiga man fata tana ƙirga ɗigon da ƙarfi. Yawancin man ya fita. Amma tabo ya rage, faɗin tafin hannu, ya fi sauran wurin duhu.

"Ba zai fita ba ke nan?" na tambaya, ina jin kunyar kallonsa.

"Wataƙila ya ƙara dusashewa. Akanbi mai ɗinkin kujeru zai iya sauya ɓangaren." Ya shafa wurin da yatsa. "Amma bar shi. In fasinja ya tambaya sai in ce wurin 'yata ne."

Muna cikin haka wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga Ezra, yayan marigayi Ruben, wanda ke Panda, mutumin da tun bayan zaman makoki bai taɓa tambayar ko Lea ta ci abinci ba. "Mun ji an je Agwada. Ki sani yarinya tana da gidan ubanta. Muna son ganin ki."

Da a ce makon jiya ne, da na kashe wayar na cusa a jaka na yi ta fama ni kaɗai. Wannan karon na miƙa masa. Ya karanta, ya goge hannunsa da tsumma, ya dubi Lea da ke can tana jera wa agwagin tawul suna.

"Hakkinsu ne su ji daga bakinmu," ya ce. "Asabar za mu je Panda, mu uku, mu kuma dawo mu uku. Ki wanke tawul ɗin."

Na wanke, yana kan igiya yanzu da nake rubuta muku wannan. Ƙunar Lea ta bushe, amma shatin ƙarfen bel ɗin yana nan a cinyarta, duk safiya sai na gan shi in ina mata wanka, ni na sa mata shi da hannuna.

Don haka ke uwa da ke karanta wannan, da ke nake. Kada ki kuskura ki zaunar da yaro a kujerar fatar da ta yini a rana sai kin ɗora bayan hannunki a kai, kin taɓa ƙarfen bel ɗin ma. In kuma ɗanki ya yi miki tambayar da ta soke ki a zuci, kada ki kwara masa ruwa a kai ki yi shiru kamar yadda na yi. Ki tashi a ranar ki je ki tambayi wanda ya san amsar. In kin ƙi, ba ke za ki ƙone ba.